WA KE DUBA MASU BINCIKEN ƘWAYOYIN CUTA? DARASIN AGANA A JAMI'AR BIRMINGHAM

Duk wanda ya manyanta a ƙasar nan bai manta da agana ba. Cuta ce wadda saboda tsananin tsoronta mutane ba su son ko ambaton sunanta, sai su ce 'yar rani, waɗansu su ce ado. In ta sauka gari ta kan kashe wajen mutum uku cikin goma na waɗanda ta kama, sauran kuwa ta bar su da zanzana a fuska, waɗansu ta makantar da su. A 1967 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaura yaƙi da ita gadan-gadan, masu lamba suka bi gari gari, ƙauye ƙauye. A 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya. A watan Oktoba na 1977 kuma aka sami wani kuku na asibiti a garin Marka ta ƙasar Somaliya, sunansa Ali Maow Maalin, shi ne mutum na ƙarshe da ya ɗauki cutar ta hanyar da aka saba. Ya kuwa warke.

To, amma wadda agana ta kashe daga ƙarshe a duniya duka, ba a Somaliya ta ke ba, ba kuwa a wani ƙauye mai nisa da likita ba. Wata Baturiya ce ma'aikaciyar Jami'ar Birmingham a Ingila, cutar kuwa daga ɗakin binciken jami'ar ta fito ta same ta, a 1978. Mun ga ya kamata mu ba masu karatu wannan labari filla-filla, domin a cikinsa akwai amsar wata tambaya da ta shafi kowa: masanan da ke kiwon ƙwayoyin cuta a jami'o'i, wa ke duba aikinsu, kuma yaya a ke yi dubawar ta zama ta gaskiya?

DALILIN AJIYE CUTA A MAKARANTA

Wani ya iya cewa, ina ma dalilin da za a ajiye irin wannan masifa a tsakiyar birni? Dalilin kuwa shi ne ba a samun maganin cuta ko rigakafinta sai an san halinta, ba a kuwa sanin halinta sai an rene ta an duba. Masana su kan shuka ƙwayar cuta cikin ƙwan kaza mai ɗan tsako a ciki, ko cikin kwalabe masu wani irin ruwa, ta yi ta haihuwa har ta kai miliyoyi cikin ɗigo guda. Sa'an nan su auna ta, su gwada ta da magunguna, su sa wa ɓeraye su ga abin da za ta yi. Yawancin alluran rigakafi da a ke yi wa 'ya'yanmu ta irin wannan hanya aka same su.

Hatsarin aikin shi ne abin da a ke aiki da shi ido ba ya ganinsa. Hanyoyin da ya ke kuɓucewa sanannu ne. Allura ta kan soki yatsa, kwalba ta kan fashe, mutum ya kan taɓa abu da safar hannu sa'an nan ya manta ya sosa ido. Mafi muni duka shi ne feshi: in aka zuba ruwan daga wata kwalba zuwa wata, ko aka kaɗa shi cikin injin da ke wulwula kwalabe, sai waɗansu 'yan mitsi-mitsin ɗigo su tashi su bi iska, mutum ya shaƙa bai sani ba. Wanda ya shaƙa ɗin kuma ba nan take zai faɗi ba. Agana ta kan yi wajen kwana 12 a jiki kafin ta nuna kanta. Watau mutum ya tashi aiki, ya shiga mota cikin jama'a, ya koma ga iyalinsa, alhali yana ɗauke da abin da ya fi bindiga.

GARGAƊIN DA AKA YI A LANDAN

Mutanen Ingila ba su rasa gargaɗi ba. A 1973, a babbar makarantar nan ta Landan inda a ke koyar da kiwon lafiya da cututtukan ƙasashe masu zafi, wata yarinya ma'aikaciya ta tsaya tana kallon a na kwashe ƙwayar agana daga cikin ƙwai a kan tebur, a fili. Da ta kwanta ciwo ba wanda ya zaci agana ce, aka kwantar da ita a babban ɗakin asibiti tare da sauran majinyata. Wani mutum da matarsa da suka zo gai da wadda ke kwance a gadon kusa da ita suka ɗauka, dukansu biyu suka mutu. Ita yarinyar ta warke.

Gwamnati ta sa aka yi bincike, a 1975 kuma ta kafa wani kwamiti na masana don ya riƙa ba da shawara a kan ƙwayoyin cuta masu hatsari. Kwamitin ya tsara ƙa'idodi masu kyau. Aka ce duk ɗakin da a ke aikin agana ko makamanciyarta, lalle ya kasance da ɗan zaure mai ƙofa biyu wanda ba a buɗe ta ciki sai an rufe ta waje, da wurin sake tufafi, da wurin wanka, da tukunyar tururi mai baki biyu, wadda za a sa kayan aiki ta ciki a dafa su sa'an nan a fitar ta waje. Sai dai kwamitin na shawara ne kurum. Ba shi da ikon kai kowa gaban alƙali. Har wa yau kuma masu aikin agana a Ingila 'yan kaɗan ne, duk sun san juna, saboda haka daga cikinsu aka ɗebo waɗansu wakilan kwamitin. Ɗaya daga cikinsu shi ne Henry Bedson na Jami'ar Birmingham.

ƊAKIN FARFESA BEDSON

Kada mai karatu ya zaci Bedson wani sakarai ne. Masani ne na ƙwarai, ɗan masani, gama ubansa Sir Samuel Bedson ya yi suna a wannan fanni. Ya yi wa Hukumar Lafiya ta Duniya aiki a yaƙin agana, duniya ta san shi. Binciken da ya ke yi kuwa mai amfani ne: yana son ya gano hanyar rarrabe agana da 'yan'uwanta da ke jikin dabbobi, irin su ƙyandar biri, domin kada a ce an gama da cutar alhali tana ɓoye a daji.

Amma ɗakin da ya ke aikin ɗan ƙarami ne a cikin tsohon gini na Makarantar Likita. Ba shi da zaure mai ƙofa biyu, ba wurin wanka, ba wurin sake tufafi, tukunyar tururi mai baki biyu ma babu. A 1976 mai dubawa na kwamitin nan ya zo ya ga haka, duk da haka aka yarda a ci gaba da aiki, bisa ga cewa shugaban ɗakin gwani ne kuma aikin ba shi da yawa. A watan Mayu na 1978 masu dubawa na Hukumar Lafiya ta Duniya su ma suka zo. Suka ce ginin bai kai yadda a ke bukata ba, amma suka ba da shawarar 'yan gyare-gyare kaɗan a hanyar aiki, suka tafi. An riga an shirya za a rufe aikin agana a wurin a ƙarshen 1978, saboda haka kowa ya ga kamar 'yan watannin da suka rage ba su isa a ta da hankali ba.

Ashe kusantowar ranar rufewa ita ce ta daɗa hatsarin. Bedson da mutanensa suna gaggawa su gama bincikensu kafin wa'adi ya cika, sai aikin ya ƙaru ƙwarai maimakon ya ragu.

CIWON JANET PARKER

A benen da ke bisa ɗakin agana akwai sashen koyar da ƙirar jikin mutum. A nan wata mata mai suna Janet Parker ta ke aiki, shekararta 40, aikinta ɗaukar hoto. Ba ta cikin masu aikin agana, ba ta da wata hulɗa da binciken. An yi mata lamba a 1966, amma ƙarfin lamba ya kan ragu in shekaru suka tura, ba a kuwa sake yi mata ba, domin ba a lissafa mutanen sashenta cikin waɗanda hatsari zai iya shafa ba.

Ran 11 ga Agusta, 1978, ta fara ciwon kai da ciwon jiki. Da ƙuraje suka fito sai aka zaci ƙarambau ne ko wani ɗan borin jini. Wa zai kawo agana a ransa a Ingila, wata goma bayan an ce an ga ta ƙarshe a Somaliya? Sai a mako na biyu na ciwon aka kai ta asibiti, wani likita da ya san agana, Alasdair Geddes, ya dube ta ya gane. Aka ɗebi ruwan ƙurjin aka kai wa wanda ya fi kowa sanin cutar a birnin, watau Bedson kansa. Shi ya leƙa babban madubin likita ya ga ƙwayar da idonsa. Daga baya aka tabbatar irin da ya kama ta shi ne wani iri da aka samo daga Pakistan a 1970, wanda a ke aiki da shi a ɗakin a daidai lokacin.

Birni ya ruɗe. Aka killace mutum fiye da 200, aka yi wa wajen 500 lamba. Aka ɗauke Janet Parker zuwa wani asibiti na keɓe masu cuta a bayan gari. Ubanta yana cikin waɗanda aka killace, ran 5 ga Satumba zuciyarsa ta buga ya mutu. Bedson kuwa, da 'yan jarida suka kewaye gidansa, baƙin ciki ya yi masa yawa, ya yi wa kansa mummunan rauni, ya mutu ran 6 ga Satumba. Ran 11 ga Satumba ita Janet ta cika. Uwarta ta ɗauki cutar amma da sauƙi, ta warke. Ran 16 ga Oktoba hukuma ta ba da sanarwa cewa Birmingham ta tsira. Rai uku ke nan suka salwanta cikin mako guda.

ABIN DA BINCIKE YA TONO

Gwamnati ta naɗa Farfesa R. A. Shooter ya shugabanci bincike. Ya gama rahotonsa a watan Disamba na 1978. Gwamnati ta so ta dakata da bugawa saboda akwai shari'a a gaba, amma shugaban ƙungiyar ƙwadago da Janet ke ciki, Clive Jenkins, ya fallasa shi a farkon 1979. Sai a 1980 aka buga shi bisa hukuma.

Rahoton ya nuna cewa ba koyaushe a ke yin aikin cikin akwatin gilashin da ke zuƙe iska ba, kuma ma'aikata su kan fita daga ɗakin agana zuwa na waje ba tare da kiyaye ƙa'ida sosai ba. Waɗansunsu ba a taɓa ba su horo na musamman ba. Bedson bai sanar da hukumomi yadda aikinsa ya sake ba, ya kuma ba Hukumar Lafiya ta Duniya fahimtar cewa aikin raguwa ya ke yi. Aka kuma tuna cewa a 1966 wani mai ɗaukar hoto da ya riƙe wannan aiki nata a wannan sashe ya taɓa kamuwa da ƙaramar agana, har ta bazu ga mutane da dama, amma a lokacin ba a bi sawu an ga daga ina ta fito ba. Game da hanyar da cutar ta bi, Shooter ya fi zaton iska ce ta ɗauke ta ta wata kafa da ke cikin bango, inda bututai ke wucewa, ta hau zuwa wani ɗan ɗakin tarho da Janet ta yi amfani da shi a ƙarshen watan Yuli.

A ƙarshen 1979 hukumar kiyaye lafiyar ma'aikata ta kai jami'ar ƙara. Masana suka ba da shaida cewa da wuya ƙwarai ƙwayar ta iya bin wannan kafa har ta kama mutum, alƙalai suka sallami jami'ar. A 1981 aka biya mijin marigayiyar diyya. Har yau ba a tabbatar da ainihin hanyar da cutar ta bi ba, amma ba mai musun cewa daga ɗakin nan ta fito.

To, in mun lura, ba rashin doka ya kawo wannan ba, gama ƙa'idodi suna nan a rubuce tun 1976. Ba kuwa rashin masu dubawa ba ne, sun zo har ƙungiya biyu. Abin da ya faru shi ne masu dubawa sun ga aibi da idonsu, sa'an nan suka ɗora amanarsu a kan sunan mai ɗaki. Sun karɓi abin da ya faɗa musu game da yawan aikinsa, ba su nemi littafin aiki sun ƙidaya ba. Duk akawun da ya taɓa riƙon kuɗin hukuma ya san ba a barin ma'aji ya binciki littafinsa da kansa, ko da ya fi kowa gaskiya a garin. Ba don a na tuhumarsa ba ne. Don dai mutum in ya daɗe da abu ya kan daina ganin hatsarinsa, Hausawa kuwa sun ce, ido wa ka raina, ya ce wanda na ke gani kullum.

CUTAR DA TA TASHI DAGA LASSA

Irin wannan ya taɓa faruwa da wata cuta da ta fito daga ƙasarmu. A farkon 1969 wani baƙon zazzaɓi ya kashe ma'aikatan jinya biyu na mishan, ta farko ta kamu a garin Lassa, wanda ke cikin Jihar Borno yanzu, ta biyu kuwa a Jos. Ta uku, Lily Pinneo, aka ɗauke ta a jirgin sama zuwa New York, ta sha da ƙyar. Aka kai jinin majinyatan Jami'ar Yale a Amurka, inda masana suka ware ƙwayar suka sa mata sunan garin. A watan Yuni shugaban aikin, Dokta Jordi Casals, ya kamu, har ya kai bakin mutuwa, sai da aka ɗebi ruwan jinin Lily Pinneo aka ƙara masa. Kafin shekarar ta fita kuma wani ma'aikaci na wurin, wanda ba ya ma aiki da ƙwayar, ya kamu ya mutu.

Abin da Yale ta yi shi ne abin koyi. Ba ta tsaya jiran wa'adi ba. Ta tsai da aikin da rayayyar ƙwayar gaba ɗaya, ta aika da ita Atlanta, inda hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ke da ɗaki mai tsaro da ya fi nata. Mu kuma lura, a Yale da Birmingham duka, wanda ya mutu ba shi ne mai binciken ba. Maƙwabci ne, wanda ba a tambaye shi ko ya yarda ya ɗauki kasadar ba.

YADDA A KE YI YANZU

Mutuwar Janet Parker ta sake al'amura da yawa. A 1976 ɗakunan bincike fiye da 70 ne ke riƙe da ƙwayar agana a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta matsa a ƙone ko a miƙa, ran 8 ga Mayu, 1980 ta ba da sanarwar an kawar da cutar, zuwa 1984 kuwa saura wuri biyu kaɗai, ɗaya a Atlanta ɗaya a Rasha. Hukumar ta kan aika da masu dubawa wuraren nan biyu duk bayan shekara biyu. A Ingila, a 1981, aka sake kwamitin shawara, aka kuma yi doka wadda ta tilasta wa duk mai son aiki da mugayen ƙwayoyi ya sanar da hukuma tukuna. A 1983 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga littafin ƙa'idodin tsaron ɗakin bincike, wanda aka sake bugu na huɗu a 2020.

An kasa ɗakunan bincike hawa huɗu. Hawa na ɗaya na ƙwayoyin da ba su cutar da lafiyayyen mutum ne, irin waɗanda ɗalibai ke koyo da su. Na biyu na cututtuka ne irin su taifot, a nan tilas a sa riga da safar hannu, a hana ci da sha, a dafa shara kafin a zubar. Na uku na masu bin iska ne, kamar tarin fuka. A kan gina ɗakin yadda iska kullum ciki ta ke shiga, ba ta fitowa ta ƙofa, kuma duk aiki cikin akwatin gilashi a ke yinsa. Na huɗu na irin su Ebola da Lassa da agana ne. Mai aiki ya kan shiga wata riga rufaffiya tun daga kai har ƙafa, a na hura masa iska ta tiyo, in zai fita a yi wa rigar wanka da magani, shi ma ya yi wanka.

Amma gini rabin magana ne. Sauran rabin shi ne kwamiti. A watan Fabrairu na 1975 masana wajen 140 suka taru a Asilomar ta Kalifoniya don su shawarta a kan sabon aikin nan na yanko ƙwayar gado daga wata halitta a dasa cikin wata. Daga wannan taro, a 1976, hukumar binciken lafiya ta Amurka ta fitar da ƙa'idodi, aka wajabta wa kowace jami'a mai karɓar kuɗinta don irin wannan aiki ta kafa kwamitin tsaro. Kwamitin ba ya kasa mutum biyar, kuma aƙalla biyu daga cikinsu tilas su zama ba ma'aikatan jami'ar ba ne, domin su tsaya a madadin mutanen gari. Wakilin da ke da hannu cikin wani bincike ba ya zama a yanke shawara a kan binciken nasa. Kafin malami ya fara aiki sai ya rubuta wace ƙwaya zai taɓa, a wane ɗaki, su wa za su taimake shi, wane horo aka ba su, me za a yi in kwalba ta fashe. In ya sake hanyar aiki sai ya komo ya nemi izini sabo. A manyan wurare akwai kuma jami'in tsaro, wanda aikinsa ya zaga ɗakuna ya duba ya kai rahoto.

DUK DA HAKA BA A TSIRA BA

Kada mu ɗauka da an kafa kwamiti shi ke nan. A watan Fabrairu na 2006, a Jami'ar Texas A&M, wata ma'aikaciya ta kamu da cutar nan mai sa shanu da awaki ɓari, wadda makiyaya ke kira bakkale, garin share wani akwati da a ke fesa wa dabbobi ƙwayar a ciki. Doka ta ce a kai rahoto nan da nan, amma jami'ar ba ta kai ba sai a watan Afrilu na 2007, bayan wata ƙungiya mai zaman kanta ta yi ta neman takardun kwamitin bisa ga dokar da ta ba jama'a ikon ganin takardun hukuma. Aka dakatar da aikin jami'ar a kan mugayen ƙwayoyi, a 2008 kuma ta yarda ta biya tarar dala miliyan 1. Barin kashi a ciki dai ba ya maganin yunwa.

A watan Satumba na 2009 wani masani a Jami'ar Chicago, Malcolm Casadaban, ya mutu da cutar annobar nan da ƙumar ɓera ke yaɗawa. Irin da ya ke aiki da shi an raunana shi, an rage masa ikon samun sinadarin ƙarfe da ya ke bukata, saboda haka kowa na ganin ba shi da hatsari. Ashe mutumin yana da wata larura ta gado mai tara ƙarfe a jiki, bai sani ba. Bincike ya nuna kuma ba kullum ya ke sa safar hannu ba.

A watan Yuli na 2014 kuwa, a na kwashe kaya a wani ɗakin sanyi na gwamnati a Bethesda, kusa da Washington, sai aka ci karo da kwalabe shida na ƙwayar agana cikin tsohon kwali, waɗanda aka ajiye tun wajen 1954. Da aka gwada, biyu na da rai. An ƙone su a 2015 a gaban wakilan Hukumar Lafiya ta Duniya. Shekara 30 duniya na cewa agana wuri biyu kaɗai ta ke, ashe ga na uku, don kawai ba wanda ya shigar da kwalin cikin littafin kaya.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Wannan magana ba ta Turawa kaɗai ba ce. Zazzaɓin Lassa ya kan tashi a Nijeriya kowane rani, tarin fuka yana nan, jami'o'inmu da asibitocin koyarwa suna karɓar jini da majina suna aunawa kowace rana. A 2015 aka kafa hukuma ta ƙasa mai lura da tsaron aikin sake halittu, aka daɗa faɗaɗa dokarta a 2019, a 2018 kuma aka yi dokar da ta tabbatar da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa. Watau mu ma muna da dokoki a rubuce, kamar yadda Ingila ta ke da su a 1978.

Abin da labarin Birmingham ya koya mana abu huɗu ne. Na farko, mai dubawa ya zama ba ya ƙarƙashin wanda ya ke dubawa, ba ya kuwa jin nauyinsa. Na biyu, ya je da ƙafarsa ya gani, ya buɗe littafi ya ƙidaya kwalabe, gama gani ya kori ji. Na uku, in ya ga aibi ya kasance yana da ikon rufe ƙofa a ranar, ko da mai ɗakin Farfesa ne. Na huɗu, ƙaramin ma'aikaci da ya fasa kwalba ko allura ta soke shi ya san in ya faɗa magani za a ba shi, ba kora ba, domin inda a ke horon mai faɗin gaskiya, a nan a ke koyon ɓoyewa. A cikin waɗanda za a kiyaye kuma a lissafa da mai shara da masinja da mai ofis na bene, ba masu farar riga kaɗai ba.

Malaman makaranta suna da rabo a cikin wannan aiki. Yaron da aka koya wa tun yana aji ya wanke hannu bayan darasin kimiyya, ya rubuta suna a jikin kowace kwalba, ya faɗa in ya yi ɓarna, shi ne gobe zai riƙe ɗakin bincike na jami'a. Akawuna kuma kada su raina littafin kaya da su ke cikawa, mun dai ga abin da rashin layi ɗaya ya jawo a Bethesda. Ilimi abin nema ne, masu bincike kuwa sun cancanci a girmama su a kuma ba su kayan aiki isassu. Girmamawar ba ta hana a duba su, su ma na kirkinsu ba su ƙin a duba. Allah ya kiyashe mu da annoba, ya ba masu riƙon amana ikon riƙe ta.